Bajon Namibiya a Ƙirjin Baba Yona

Har gobe in na bi ta bayan unguwar Kpakungu a nan Minna na hango mangwaron nan ya leƙo ta saman katanga, sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Matata ta ce in daina bin hanyar. To in bi ta ina, ta sama? Ni Maiwada tela ba a yi ni da sanyin rai ba, kuma abin da aka yi wa Baba Yona ba irin wanda mutum zai haɗiye ya kora da ruwa ba ne.

Bari in fara da gonar, tunda ita ce maganar.

Baba Yona mutumin Gbagyi ne, Kirista, ɗan wani tsoho da ake kira Shekwolo. Tun kafin jirgin ƙasa ya san hanyar Minna kakanninsa ke noma wannan wuri. Ubana Alhassan kuwa aikin jirgi ne ya kawo shi daga Zariya. Da iyali suka yi masa yawa, sai ya je ya roƙi Shekwolo aron gona, aka yanka masa wani gefe. Sharaɗin aro a nan kowa ya san shi. Ka shuka abin da za ka girbe cikin shekara, ko dawa, ko doya, ko gyaɗa. In kaka ta yi ka ɗauki dami guda ka kai gidan mai gona, don duniya ta shaida ka san ba taka ba ce. Abu guda ne ba a yi, ba a dasa itace. Duk wanda ya dasa itace a wuri, mai wurin yana tsaye bai hana ba, to dattawa za su ce wurin ya zama nasa. Wata shekara ƙwallon mangwaro da wani ya sha ya jefar ya tsiro a gefen kunyar ubana. Da ganinsa ubana ya tumɓuke shi, ya ɗauka har da saiwa ya kai ƙofar Shekwolo, ya ajiye a gabansa ya ce, "Ga shi, ba ni na sa ba." Haka muka taso muka tarar, mu da su.

Da aka mayar da Minna babban birnin jiha a 1976, gari ya buɗe baki ya shiga cin gonaki. Yau a ce hanya za ta bi nan, gobe a ce gidajen ma'aikata. 'Yan'uwan Baba Yona duk suka sayar da nasu, wasu suka koma ƙauye. Shi kaɗai ya kafe a kan gona guda da ta rage, wadda ke tsakanin bayan unguwa da bakin titi. Ba wata babbar gona ba ce, amma ita ke ci da shi da matarsa Mama Alisabatu da 'yarsu Hannah, kuma da hannun ubansa aka share ta.

Mutum ne gajere, mai faɗin ƙafa, faso ya tsattsaga masa duddugai. Ya taɓa yin leburancin layin dogo, shi ya sa yake da wata tsohuwar diga da yake ji da ita. Bai yi boko ba. Hausarsa irin ta kasuwar Minna ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu, ba kuwa wanda ya taɓa kasa gane shi. In ya taso daga gona da la'asar sai ya biyo ta shagona ya zauna a kan benci, don ina da rediyo shi ba shi da ita.

A nan shagon bajon ya same shi, cikin 1978.

Wani saurayi ne ya shigo da bajoji, irin alamar nan da ake maƙalawa a riga, cikin ambulan, Malam Edward, sabon malamin firamare, ɗan cocinsu Baba Yona, kuma ɗan yarensu. Siriri ne lokacin, ga gashi ya tara kamar kwando, ga wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa. Ya zazzage bajojin a kan teburin yankana. Na gwangwani ne, kewayayyu, da launin shuɗi da ja da kore, a tsakiya ga hannu an dunƙule, a baya ga fil. Rubutun da Turanci ne, ya fassara mana ya ce ma'anarsa a sakar wa Namibiya mara.

Baba Yona ya ce, "Wane ne Namibiya?"

Muka yi dariya. Malam Edward ya ce ƙasa ce, can kudancin Afirka. Kuma gaskiya yaron ya iya baki. Ya ce Turawa ne suka zo suka tarar da mutane a ƙasar kakanninsu, suka ja waya mai ƙaya suka kewaye gonaki da wuraren kiwo. Masu wurin aka kora su cikin duwatsu. Wanda yunwa ta dawo da shi, sai ya zama lebura a gonar da ubansa ya share.

Baba Yona ya daina dariya. Ya ce, "Gonar ubansa?"

"Gonar ubansa, Baba."

"Aro suka karɓa, ko kuwa?"

"Wane irin aro! Ƙwace."

"Suna kai dami?"

Malam Edward ya ce ko zangarniya guda ba sa kaiwa. Baba Yona ya girgiza kai. Can sai ya miƙa hannu ya ɗauki bajo guda, ya soka a ƙirjinsa na hagu, a karkace. Ya ce ba zai cire ba sai an mayar wa mutanen nan da gonakinsu.

Mu duk mun ɗauka. Nawa bai yi sati biyu ba ya faɗa cikin tsummoki, ban ƙara ganinsa ba. Na sauran ma haka. Amma shi Baba Yona, wallahi kamar da shi aka haife shi. Da shi yake noma, da shi yake zuwa coci, da shi ya aurar da Hannah, ga babbar riga sabuwa fil da ni na ɗinka, ga gwangwani ya maƙala mata. Na ce, "Haba Baba, ko yau ɗaya ka bar min ɗinkina ya fito." Ya ce mutanen can ma suna aurar da 'ya'yansu, kuma ba wanda ya ɗaga musu ƙafa don ranar biki ce.

Ni na fi kowa sanin wahalar bajon nan. Gumi ya sa fil ɗin ya yi tsatsa, duk rigar da ya sa sai ƙirjinta na hagu ya yi jan tabo ya ɓule. Riguna nawa gare shi da ma? Kullum yana kawo min ɗinki, ina mita, yana dariya. Yara suka sa masa Baba Namibiya, ko a jikinsa. Gaisuwarsa ma ta canza. Da ya sako ƙafa cikin shago sai ya ce, "Tela, yaya mutanenmu?" Dole in gaya masa abin da rediyo ta ce, in kuwa ba ta ce komai ba sai ya yi tsaki ya ce masu rediyon nan ba su san abin da ke da muhimmanci ba.

Shekarar da Zimbabwe ta samu 'yanci, samarin unguwa suka so su yi masa wayo. Suka tare shi suka ce, "Baba, an gama, an ba su, cire!" Ya taho shagona yana haki. Na ce masa ba su ba ne, maƙwabtansu ne. Ya ce, "To, Allah ya sa alheri, saura namu." Ya koma ya samu samarin ya wanke su tas.

Malam Edward kuwa ya kafa wani kwamiti na taya Namibiya gwagwarmaya, shi ne ciyaman. Wurin taro suka rasa, sai Baba Yona ya ce ga gonarsa, ai da rani ba komai a cikinta sai kara. Haka aka riƙa yi, shekara-shekara bayan girbi a kafa rumfa, a jera benci, a ɗauko lasifika, Ciyaman ya hau tebur ya zagi masu ƙwacen ƙasa har muryarsa ta dushe. Baba Yona na gaba-gaba yana tafi da hannayen nan nasa masu kaushi. Kuma don a yi adalci, farko-farko Edward yakan kai masa dami, ko da saye zai yi. Daga baya ya bari. Na lura, Mama Alisabatu ma ta lura. Baba Yona ya ce aikin Allah ake yi, ba a bin dami a kan aikin Allah.

Cikin waɗannan shekaru Edward ya ajiye alli ya kama kwangila. Gashin ya tafi, tumbi ya zo, ya sayi mota. Ya shiga gina ɗakunan haya a jere a Kpakungu, don mutane na ta kwararowa gari suna neman wurin kwana. Nasa bajon sai ranar taro yake fitowa daga aljihun mota. Ya sha aika wa Baba Yona a kan ya sayar masa da gonar, tunda bakin titi take. Amsa guda yake samu: "Ba ni na share ba, ba ni zan sayar ba."

Sai ga watan Maris na 1990. Rediyo ta ce Namibiya ta samu 'yancin kanta.

Ina cikin ɗinki Baba Yona ya shigo, na miƙe tsaye na gaya masa. Tsohon nan ya zauna daɓas a kan benci ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Ni kaina sai da na juya baya na yi kamar ina neman almakashi.

Ciyaman ya sa ranar biki a gonar, ana saura kwanaki kaɗan mu kama azumi. An yi rumfa, an kawo lemo, ga masu ganga, ga dattawan unguwa na coci da na masallaci duk an jera su a gaba. Bayan jawabi sai na ga an buɗe bayan motar Edward an fito da wani abu a cikin gwangwani. Dashen mangwaro ne, ɗan ƙarami, ganyensa bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Edward ya ce za a dasa itacen 'yanci, don jikoki su sha inuwa su tuna da wannan rana. Jama'a suka ɗau tafi.

Ni ban tafa ba.

Baba Yona da kansa ya ruga ya ɗauko digarsa. Ƙasa ta bushe ƙamas, amma ya haƙa rami can ciki, kusa da ƙarshen gonar, gumi na zuba, yana washe baki. Da ya gama ya miƙa hannu zai karɓi dashen, sai Edward ya ɗan ja baya da shi, ya ce cikin lasifika, "Baba ya yi mai wuyar. Bari ni in sa, a madadin 'yan'uwanmu na Namibiya."

Na kutsa cikin mutane na kamo hannun rigar Baba Yona. Na ce, "Baba, karɓi abin nan ka sa da hannunka."

Ya ce, "Tela, bari."

Na ce, "Baba, itace ne fa! A gonarka! Ka manta abin da ubana ya kai wa ubanka?"

Ya dube ni kamar na yi ashar a coci. Ya ce, "Wannan ba na Edward ba ne, na Namibiya ne. Yau ba ranar irin wannan magana ba ce, ɗan Alhassan."

Edward ya durƙusa da farar shaddarsa, ya sa dashen a rami, ya tura ƙasa, ya danna da tafin hannu, a hankali, yadda kowa zai gani. Kada wani ya ce min bai san abin da yake yi ba. Ɗan Gbagyi ne, a gona aka yanke masa cibiya, ya fi ni sanin wannan al'ada nesa ba kusa ba. Dattawa na kallo, Baba Yona na tafi. Na waiga na hango Mama Alisabatu a cikin mata, ta ɗora hannu a ka.

A nan gaban jama'a Baba Yona ya zare bajon daga ƙirjinsa, ya ɗaga sama, aka yi ta guɗa. Washegari ya kwaso min rigunansa duka ya ce in yi musu maho a ƙirji, aiki ya ƙare. Na yi masa maho mai kyau, na bi launi, sai ka matso za ka gane.

Na ce masa, "Baba, ƙirjin riga mai sauƙi ne. Maganar mangwaron nan fa?"

Shawarar da muka kawo masa, ni da Mama Alisabatu, ba ta da wuya ko kaɗan. Ba mu ce ya sare ba, ba mu ce ya tumɓuke ba. Cewa muka yi ya zauna a gida kawai. Zafin bazarar Minna ba ya barin dashe ya kai ga ruwan farko in ba a shayar da shi ba, kuma mataccen itace ba ya yi wa kowa shaida. Edward kuwa tun ranar biki bai ƙara taka wurin ba, ko moɗa guda bai taɓa zuba masa ba.

Baba Yona ya yi ƙememe. Ya ce, "Mutanen nan yanzu-yanzu suka miƙe. Ni ne zan kashe musu itace?"

Mama Alisabatu, wadda tun tana budurwa take ɗaukar ruwa a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke yi, ta rantse ba za ta kai ko ɗigo ba. Ta ce, "Ba zan shayar da itacen wani a gonar mijina ba." To sai tsohon ya ɗauki garwa da kansa. Duk tsawon azumin nan, ina zaune a shago leɓena ya bushe, sai in hango shi ya wuce daga rijiya, garwa a kafaɗa, ruwa na zuba masa a wuya. In ya kai ya tsuguna ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan yana yi wa abin magana da yarensu.

Abin ya ishe ni. Wata rana da hantsi na kwance akuyata, wata ja mai shegen ci da ba ta barin ko takarda, na ja ta har gonar. Kuma ko yau aka dawo da ranar sai na sake. Ina zuwa na tarar ya riga ni, ya kewaye dashen da shingen ƙaya har ƙugu, yana zaune a gefe. Ya dubi akuya, ya dube ni, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Tela, kai ma ka koma wajen Turawa?" Na ja akuyata na dawo ina zage-zage.

Ruwa ya sauka, mangwaro ya kama. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, Baba Yona na noma dawarsa a kewaye da shi, Edward shiru. Har na fara cewa ko ni ne mai mugun zato. Ashe jira yake itacen ya yi ƙarfin da ba mai musun sa.

Da ya kai tsayin mutum ya fara fure, sai wata safiya tifa ta juye yashi a bakin gonar. Kafin azahar an sauke bulo.

Maganar ta je gaban dattawan unguwa, a ƙofar gidan babbansu, waɗanda da ma da idonsu suka ga dashen. Na rufe shago na je. Edward ya zo da hula a karkace, ya durƙusa ya gaida kowa, ladabi kamar ya kwanta a taka. Ya ce shi ba ya son rigima da Baba, uba ne a wurinsa. Amma Baba ya ba kwamiti wurin nan tuntuni, shi ya sa aka daina kai dami bai ce uffan ba. Yanzu kwamiti ya gama aikinsa, shi ne ciyaman, kuma shi ya dasa itace a wurin a gaban kowa.

Babban dattijon ya juya ya ce, "Yona, wa ya dasa mangwaron?"

Na yi ta ƙifta masa ido. Ai da ya ce shi ya haƙa ramin ma, da an samu abin kamawa. Ina! Mutumin da bai iya ƙarya ba ko ta wasa. Ya ce, "Edward."

"Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Ka hana?"

"Ban hana ba. Amma ba don kansa ya dasa ba, cewa ya yi a madadin Namibiya."

Wani daga cikin dattawan ya ce, ba da izgili ba, "To Namibiyar za ta zo ta karɓa ne?"

Na kasa haƙuri na miƙe. Na ce, "Ku tambaya mana wa ya ba shi ruwa! Wa ya ɗauki garwa cikin zafin nan? Wa ya yi shinge?"

Sai Edward ya yi murmushi. Wallahi da na san abin da zai fito daga bakinsa da na haɗiye harshena. Ya ce, "Gaskiyar Tela ne. Baba ya kula min da shi ƙwarai, kuma ban manta ba, zan sallame shi."

Kula min! Zan sallame shi! Jama'a, ku ji min rainin hankali. Bakin da ya shigo shagona ya ba mu labarin mutumin da aka mayar lebura a gonar ubansa, shi ne yau yake kiran Baba Yona ɗan aikinsa a gonar Shekwolo. Ban san sanda na yi kansa ba. Mutum uku suka riƙe ni, hulata ta faɗi, na kira shi da sunayen da ba zan maimaita ba yanzu da na tsufa. Na ce masa Turawan can ma ai ba su san al'adar mutane ba suka taka, kai kuwa da al'adar ka yi wuƙa ka yanka ɗan'uwanka. Aka janye ni can bayan wata zana, ta samanta na ji sauran.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dattawan ba su yi ƙarya ba, ba kuma wanda zan ce an toshe masa baki. Ransu a ɓace suka yanke. Sun ce al'ada ba ta san madadi ba, hannun da ya sa itace take dubawa. Tun daga bayan mangwaro har zuwa titi na Edward ne. Abin da ya rage a baya, wani ɗan siririn wuri mai tsakuwa da ko akuyata ba za ta ƙoshi a ciki ba, shi ne na Yona.

Baba Yona ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya yi musu godiya, don haka aka koya masa. Da zai wuce ta gaban Edward ya tsaya ya ce, "In za ka yi gini, kada siminti ya taɓa saiwarsa." Ka ji mutum! Na rasa ko in rungume shi ko in shaƙe shi.

Kafin shekara ta kewayo ɗakuna sun tashi a jere, mangwaro ya koma tsakar gidan haya, matan 'yan haya na ɗaura masa igiyar shanya. Mama Alisabatu ta yi wata da watanni ba ta yi wa mijinta doguwar magana. Edward ya ci gaba da zuwa coci da farar shadda, har kujerar gaba yake zama.

Baba Yona kuwa, da furfurarsa, ya hau mota ya tafi garin Gwada wajen dangin mijin Hannah ya roƙi aron gona. Ɗan Shekwolo, wanda gidansu ake kai wa dami tun ina ƙarami, shi ne yanzu in kaka ta yi yake ɗaukar dami a kafaɗa ya kai ƙofar wani. Da damina can yake zama. Shagona ya yi shiru da la'asar, har nakan kunna rediyo in kashe don haushi.

Bayan girbin farko ya dawo. Ina kan keke na ji an yi sallama, na ɗaga kai na gan shi ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya zauna a bencinsa na da. Muka gaisa, na tambayi Hannah da yara, na tambayi dawa, ya ce an gode Allah. Ban ɗauko maganar gona ba, shi ma bai ɗauko ba.

Can ya ce, "Tela, yaya mutanenmu?"

Na ce, "Wane mutane kuma, Baba? Ai sun samu. Suna da tutarsu, suna da shugabansu."

Ya ce, "Na sani. Ba tuta nake tambaya ba. Gonakin. An mayar musu?"

Na tsayar da keke. Na so in ce masa e, ko don ya samu abu guda da zai riƙe. Amma mutumin da bai yi ƙarya a gaban dattawa don ya ceci gonarsa ba, ni ne zan yi masa? Na ce, "Gaskiya, Baba, ban ji rediyo ta ce an mayar ba."

Ya gyaɗa kai, kamar da ma abin da ya zata ke nan. Ya ce, "Ashe na yi saurin cirewa."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da bajon. Launin duk ya koɗe, hannun da aka dunƙule da ƙyar ake ganinsa, fil ɗin kuwa tsatsa ta cinye shi ya karye. Amma ya samu ƙusa ya huda gwangwanin wuri biyu, sama da ƙasa. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a kan teburina, ya ɗora bajon daidai kan mahon da na yi masa.

Ya ce, "Ɗinke min shi. Ka sa zare mai ƙarfi."

Na ce, "Baba, in na ɗinke yaya za a yi wanki?"

Ya ce, "A wanke da shi."

Keke ba ya ɗinka gwangwani. Na ɗauko babbar allura da zaren da nake ɗinkin buhu, na ninka shi biyu. Idona ya cika har na soki yatsana, jini ya ɗan taɓa mahon. Yana zaune ba riga, haƙarƙarinsa a waje, yana kallon hannuna har na ƙulle zaren na datse da haƙori.

Ya sa rigar, ya shafa ƙirjinsa, ya ce zai je coci ranar Lahadi, kuma a kujerar gaba zai zauna.